Reshe Na Biyu

A gidanmu na Funtua tatsuniya tana da lokacinta, kuma gajere ne: daga sallame magariba zuwa kiran isha'i. Kakanmu, wanda kowa ke kira Malam, in ya fita masallaci da magariba ba ya dawowa sai ya yi isha'i, to wannan 'yar tazarar ita ce tamu. An kwashe tuwo, an sauke tukunya, garwashi ya rage a murhu. Iya, mahaifiyar babanmu, sai ta jawo 'yar kujerarta, ta tura mana masara cikin garwashin, mu jikoki mu bakwai mu kewaye ta muna ture juna. In damina ce mukan matsa ƙarƙashin rumfa, ruwa na dukan kwano, hayaƙi na shiga mana ido, amma ba mai tashi.

Sunanta aka sa mini, Hauwa, don haka Takwara take kirana. Takan ce suna kawai na ɗauko, haƙurin na bar mata. Gaskiyarta. Tun ina ƙarama bakina ke riga hankalina fita, har yau da na haifi tawa ban warke ba. A bakin murhun nan na yi wata magana guda ɗaya wadda na so in janye kafin Iya ta bar duniya.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ce, “Ga wata nan ta taho daga nesa, ƙafarta duk taɓo.” Mu kuma mu haɗa baki, “Ta shigo mu ba ta ruwa!” Tana da na Gizo, tana da na dodanni masu hana mu fita fitsari, amma akwai wata da ba mu taɓa ji a bakin kowa ba sai ita.

Wai a wani gari akwai tsamiya mai rassa goma a bakin tasha. Duk ranar Asabar tsuntsaye su taru su yi waƙa, mutanen gari su saurara, kowa ya ajiye tsakuwa a gindin tsamiyar da sunan wanda ya fi ratsa shi. A ƙirga tsakuwoyin, a nuna wa kowane tsuntsu reshen da zai zauna. Tsuntsayen duk manya ne, su gauraka, su hankaka, masu dangi da masu kirari. Rannan sai ga wata 'yar kanari mace, ba a san ta ba, ba a san gidansu ba. Ta buɗe baki, aka ba ta reshe na tara. Asabar ta kewayo, ta koma na shida. Ta sake kewayowa, na huɗu. Daga nan sai na biyu, ta yi sati uku a can. Gauraka ne a reshe na ɗaya, ya kafe, ko motsi.

Sai wani mutum ya zo wucewa, mutumin kirki, mai tsabta, ba ya ɗaga murya. Ya ajiye keji a gindin tsamiya, da gero a ciki da ruwa mai sanyi. Ya ce mata, “A gidana ba ruwan sama, ba shaho, ba yunwa. Abu ɗaya ne, ba a waƙa.”

A nan kullum sai ɗayanmu ya ce, “Sai ya kama ta!”

Iya ta girgiza kai. “Bai kama ta ba. Buɗe kejin ya yi, ita ta shiga da ƙafarta. Ku riƙa faɗar abu yadda yake.”

Kafin ta shiga, wai ta yi waƙarta sau ɗaya na ƙarshe. Iya takan waiga wajen zaure tukuna, sannan ta rage murya ta rera:

“Jirgin yamma ka dakata,
Ban gama sallama ba.”

Wayyo, muryar nan! Ba ita ce wadda ke aikenmu sayen daddawa ba, ba ita ce mai yi mana faɗan wankin ƙafa ba. Siririya ce, tana hawa ba tare da ta yi nishi ba, sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Da ta ji gyaran muryar Malam a zaure kuwa, ko a tsakiyar kalma take, sai ta datse. “Khalas” na Larabawa, wato shi ke nan, ba ta san shi ba, tata rufewar ita ce, “To, ta koma inda ta fito, kowa ya ɗauki takalminsa.”

Mu yara mun san bishiya. Daga ƙasa ake hawanta, daga ƙasa ake ƙirga rassanta. Don haka a wurinmu labarin a fili yake: tsuntsuwa ta fara can sama a reshe na tara, tana ta gangarowa, har ta kusa taɓa ƙasa. Abin da ya ɗaure mana kai kawai shi ne yadda fuskar Iya ke haske in ta zo kan “na biyu,” kamar mai ba da labarin ranar sunan ɗanta na fari.

Ina shekara tara na kasa haƙuri. Ta kai wurin, ta ce, “Ta yi sati uku a reshe na biyu,” tana murmushin nan nata. Na cire masara daga baki na ce, “Haba Iya! Reshe na biyu fa? Ai ko akuya ta miƙe tana cin ganyensa. Wannan tsuntsuwar ba ta iya waƙa ba ne kawai, gara da aka rufe ta kowa ya huta.”

Yara suka kwashe da dariya, har da masu faɗuwa. Ni kuwa na ji kaina ya yi girma. Iya ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ɗauki ƙaramin icce ta yi ta tona toka, ta daɗe. Can ta ce, “Haka ne, Takwara.” Ran nan ba ta rera waƙar ba. Ba ta kuma sake kawo tatsuniyar ba har muka girma, ko mun roƙa sai ta ce ta manta. Na ɗauka tsufa ne.

Shekara kusan talatin suka wuce. Aure da aiki suka kawo ni Doha, muna zaune a Ain Khaled da maigidana da 'yarmu Nana, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Sai annobar korona ta sauka. Wanda ya yi aikin asibiti a shekarar nan ba sai na ba shi labari ba. Samfur na shigowa ba iyaka, takunkumi ya ci mana bayan kunne, in na dawo gida sai na yi wanka kafin Nana ta taɓa ni. Jirage suka tsaya, hutu kuma ba a ma maganarsa.

A cikin wannan hali Gwaggo Rabi, ƙanwar babanmu wadda ke jinyar Iya, ta kira ni. Ta ce jiki ya yi nauyi, ƙafa ta kumbura, kuma ta fara rikicewa, wani lokaci ita kanta Gwaggon ba ta gane ta. Malam ya riga ya rasu shekara goma sha biyu kafin nan. Na kashe waya na zauna a bakin gado ina jin haushin kowa, har da teku da ke tsakaninmu.

A wurin aikinmu akwai wani dattijo, Baba Bulus, mutumin Kafanchan, shi ke gyara mana injuna. Kirista ne, matarsa nas ce, suna zaune a Al Rayyan. Mutum ne mai daɗin zama, amma yana da ciwo ɗaya: tsofaffin waƙoƙi. Ka kuskura ka ambaci wata waƙar da, ta Hausa ko ta Turawa, sai ya ɗaga yatsa ya ce, “Wannan a bakwai ta tsaya,” ko “Wannan ta taɓa ɗaya, sati biyu, ta faɗo.” Wai tun yana ɗan makaranta akwai shirin rediyo na ranar Asabar, masu sauraro su aika wasiƙa, a ƙirga, a jero waƙoƙi goma da aka fi nema. Shi da wansa suka riƙa kwafe jerin a littafin rubutu, sati bayan sati. Nakan ce masa, “Baba, da wannan ƙwaƙwalwar ka sa a magani da ka kore mana annobar nan.” Ya ce, “'Yata, ke dai bakinki.”

Wata rana da hantsi inji ya tsaya, samfur ya taru, shugabanmu na ta “yalla, yalla,” wato maza-maza, a kanmu. Baba Bulus ya durƙusa bayan injin da sukurdireba, yana ɗan rera wani abu a cikin takunkumi don ya kwantar da ransa. Ina tsaye da tire a hannu sai na ji kalmomin. Jirgin yamma ka dakata. Saura kaɗan tiren ya suɓuce.

Na ce, “Baba Bulus, ina ka samo waƙar tsuntsuwa?”

Ya leƙo. “Wace tsuntsuwa kuma? Wannan ai faifai ne. Wata yarinya ce ta yi da masu gita a Kaduna, Kulu 'Yar Tasha. A biyu ta tsaya, kuma wallahi an cuce ta, ta fi ta ɗayan.”

Kulu. Duk Hauwa Kulu ce. Kuma mahaifin Iya ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a gidajen tasha ta tashi, wannan kowa ya sani a gidanmu. Na ce masa don Allah gobe ya zo mini da littafin.

Ya zo da shi a cikin leda, bango ya mutu, takardu sun yi ja. Lokacin shan shayi muka zauna da kujera biyu a tsakaninmu kamar yadda doka ta ce, shayinmu na karak na hucewa, ya buɗe ya miƙo hannu yadda zan gani. Kowane shafi Asabar ɗaya ce. Lamba ɗaya a can saman shafi, goma a ƙasa. Ya ɗora yatsa kusa da gindin shafin. “Ga ta nan ta shigo, tara.” Ya juya. “Shida.” Ya juya. “Huɗu. Kin gani? Biyu. Biyu. Biyu.”

Ba lambobin nake kallo ba, yatsansa nake kallo. Duk shafin da ya juya, yatsan sama yake yi.

Innalillahi! Ni da na taɓa ƙin cin abinci kwana guda don na zo ta biyu a aji, ni ce ban gane biyu ba. Na san yadda ake jera waƙoƙi, wa bai sani ba? Amma an ce mini tsamiya, sai na tsaya a gindinta ina ƙirgawa, shekara talatin ban ɗaga kai ba. Ashe hawa take. Ashe yarinya ce ba kowa ba ta ture manyan mawaƙa ta kai reshe ɗaya tsakaninta da ƙololuwa, ta rasa wanda za ta gaya wa sai jikoki masu cin masara, jikar da ke ɗauke da sunanta kuma ta ce gara da aka rufe ta.

Na ce, “Daga nan fa?”

Ya juya shafi. Babu ita. Ya ce, “Abin da ya sa ban manta ta ba ke nan. Kowace waƙa gangarowa take a hankali, huɗu, bakwai, goma, ta fita. Wannan daga biyu ta ɓace. An ce aure ta yi, aka je aka roƙa a daina sa faifan. Ban sani ba dai, haka muka ji. 'Yata, lafiya? Me ya sa kike kuka?”

Da na tashi aiki na kira Gwaggo Rabi tun ina cikin mota. Na gaya mata abin da na gani a littafin. Sannan ta ce, “Wa ya tono wannan?” Ta ce gaskiya ne. Ta ce Malam bai tilasta mata ba, sharaɗi ya kafa, ita ta karɓa, kuma bai taɓa goranta mata ba. Faifai ɗaya ta riƙe, ta ɓoye shi a cikin fayafayan rufe ƙwarya, inda namiji ba ya kai hannu, har zafi ya lanƙwasa shi ta jefa a masai.

Na ce, “Gwaggo, ki haɗa ni da ita ta bidiyo. Akwai abin da zan gaya mata.”

Ta ce, “A kan wannan? A'a, Hauwa. Tsohuwa na shirin saduwa da Ubangijinta, ki bar ta da carbinta. Abin da ta binne da hannunta ke ce za ki tono mata?”

Nan fa bakin nawa ya sake yin halinsa. Na ce mata su ne suka taya binnewa, na ce shekara nawa suna cin tuwonta ba wanda ya taɓa ce mata sannu da murya. Gwaggo ta kashe wayarta. Kwana takwas ba ta ɗauki kirana ba, kuma a cikin kwana takwas ɗin nan Iya ta ƙara nisa. Wannan ma a wuyana yake, ba a wuyan annoba ba. Sai da na aika saƙon ban haƙuri sau uku, na sa babanmu ya sa baki, sannan ta ce in kira ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin ta fi dawowa hayyacinta.

Na kira. Ga Iya a kan katifa an jingina ta da filo, ta ƙanƙance, ɗankwali ya yi mata yawa. Gwaggo ta kara wayar kusa da fuskarta.

Na ce, “Iya, Takwara ce. Ina wuni?”

Ta ce, “Lafiya lau,” irin amsar da ake ba baƙo.

Na ce, “Iya, tsamiyar nan. Daga sama ake ƙirgawa. Na gane yanzu. Hawa take yi.”

Ba alamar ta fahimta. Idonta ya wuce ni ya tafi bango. Na rasa yadda zan yi, sai kawai na rera, da wannan muryar tawa ta kwaɗo. Jirgin yamma ka dakata. Ban kai ƙarshe ba ta yamutsa fuska.

“A'a, a'a. Kin yi sauri. Jirgi ake roƙo, ba kora ake ba.”

Sai ta ɗaga haɓa ta rera. Numfashi ya ragu, muryar na rawa, amma ita ce, wadda na sani a bakin murhu. Gwaggo ta toshe baki da mayafi. Iya ta kai ƙarshe, ta ɗaga yatsu uku, fuskarta ta yi hasken nan. Ta ce, “Sati uku.”

Na ce, “Sati uku, Iya. Kin iya. Wallahi kin iya. Ni ce ban san komai ba. Maganar da na yi rannan, ki yafe...”

Ta ɗaga hannu, ta karkata kunne wajen zaure. “Yi shiru. Malam ya dawo.”

Muka yi shiru, mu uku, muna sauraren mutumin da ke kabari shekara goma sha biyu. Can ta dubi wayar da kyau, ta dubi Gwaggo, ta ce, “Wace ce wannan yarinyar? Tana ta kuka. Ku ba ta masara mana.”

Kwana tara bayan nan ta rasu. Ina cikin farin kaya a ɗakin gwaji saƙon ya shigo. Ban ga gawarta ba, ban zauna zaman makoki ba, gaisuwa ma ta waya na karɓa.

Mutane sun yi ta ce mini ai ta ji, ai zuciya tana ji ko hankali ya tafi. Allah Ya sa. Ni dai abin da na gani shi ne, na kai ban haƙurina, na tarar wadda na yi wa laifin ba ta gida. Kuma har yau ban san me tatsuniyar ke koyarwa ba. Da na ɗauka gargaɗi ce ga mai rawar kai. Daga baya na ce kuka ne na wadda aka rufe wa baki, sai in tuna yadda take gyara mana, cewa ita ta shiga da ƙafarta. Wataƙila ba darasi take ba mu ba sam. Wataƙila so take wani, ko yaro ne, ya ce mata, kai, ashe har biyu!

Shekara biyu bayan haka gasar ƙwallon duniya ta zo, garin da ya yi tsit kamar an share shi ya cika da waƙa. Ka shiga jirgin metro mai zuwa Al Rayyan, kowace ƙabila da gangarta, kowa na rera tasa da iyakar ƙarfinsa, ba mai waigen zaure. Abin ya burge ni, ya kuma ba ni haushi, ban san dalili ba. A watan ne Baba Bulus ya ajiye aiki zai koma gida. 'Yan Najeriya muka haɗa masa walima a wata gona a Umm Salal. Da zai tafi ya ba ni ambulan, na buɗe, shafuka shida ne ya yanke daga littafinsa da reza. Na ce, “Baba, ka ɓata littafinka.” Ya ce, “Khalas, 'yata. Na mai da su gidansu ne.”

Sanyi ya sauko bayan magariba, maza suka tafi wajen allon kallon wasa, garwashin gasa nama ya rage. Nana, lokacin tana shekara takwas, ta jawo kujera kusa da ni da wasu yara biyu, ta ce in ba su labari. Ban shirya ba. Na ji bakina ya ce, “Ga wata nan ta taho daga nesa, ƙafarta duk taɓo.” Na koya musu amsar, suka faɗa da Hausarsu mai tsami. Na ba su tsamiya, na ba su tsakuwoyi, na ba su gauraka. Na ce tara, na ce shida, na ce huɗu. Na ce, “Ta yi sati uku a reshe na biyu.”

Nana ta ɗaga hannu kamar a aji. “Mama, na biyu daga sama ko daga ƙasa?”

Tambaya ce ta kalma takwas. Da ita na yi a bakin murhun Funtua maimakon abin da na faɗa, da Iya ta samu shekara talatin tana rera waƙarta tsakanin magariba da isha'i.

Na ce, “Daga sama.”

Ta ce, “Kai! Ashe ta iya. To rera mana waƙar.”

Na ja numfashi, na rage sauri yadda aka gyara mini. Jirgin yamma ka dakata. Yaran suka zuba mini ido suna jiran sauran, ni kuwa na ɗauki icce ina tona toka.